Godiya bayan jinyar Baba

Alhamdu lillahi. An kammala wa Baba gashi, wato ƙona ciwon daji da hasken na'ura, mun dawo gida. Ban iya amsa waya ba tukuna, ku yi mini uzuri, gajiya ce.

Ranar da likita ya zaunar da mu a asibitin Shika kan ciwon dajin maƙogwaron, hanya biyu ya shimfiɗa mana. Ko tiyata, a cire wurin da murya take, Baba ya koma numfashi ta wata ƙofa a wuya. Ko gashi daga Litinin zuwa Juma'a na kusan mako 7, a haɗa da kimo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji da ake sawa ta jijiya, da fatan murya ta tsira. Mutumin da ya tsufa yana kiran salla, kun san wadda zai zaɓa. Sai da aka fara duba haƙoransa, aka cire masu matsala, domin bayan gashi ciwon muƙamuƙi ba ya saurin warkewa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne robar nan mai raga-raga da ake ɗumamawa a ɗora a fuska har ta sandare, a ɗaure ta da gado don kada kai ya motsa. Baba da ba ya tsoron komai, sai ga jikinsa yana ɓari. Matashin da ke kula da na'urar ya durƙusa ya ce, "Baba, ku riƙe carbinku. Ina ganinku daga waje, in kun ɗaga hannu zan tsaya." Ko sunansa ban tambaya ba. Allah Ya jiƙan mahaifansa, Ya ba shi 'ya'ya masu jin ƙansa.

Kawu na Tudun Wada, kun ce kada a ambace ku, amma ɗakinku muka cinye. Gwaggo, da baki ya yi gyambo, yawu ya ƙafe, ke kika riƙa tace kunun gyaɗa ana ɗurawa ta robar hanci. Jama'ar masallaci da kuka haɗa kuɗin magani, Allah Ya ninka muku, Ya raba ku da kwanan asibiti, Ya sa Aljanna ce makomarku.

Waɗanda ko gaisuwa ba su aiko ba, wataƙila hidima ce ta yi yawa.

Akwai sauran komawa asibiti ana dubawa, a ci gaba da addu'a. Masu zuwa dubiya, don Allah bayan la'asar, kuma kada a sa shi dogon magana. Abinci mai yaji ma a dakata da shi.