Yadda na mayar da labarin korar baƙi bakin yarinya

Shekara biyu na yi ina rubuta ƙagaggen labari a kan dokar korar baƙi ta watan Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Firayim Minista Busia ta bai wa duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Ghana. Da farko na ɗora labarin a bakin mai ba da labari masanin komai, wanda yake shiga zuciyar ɗan sanda, ya leƙa ta fataken goro, ya zarce Accra ya faɗi abin da manya suka yanke. Da na karanta wa gwaggona babi uku a tsakar gidanmu na Aboabo, a Kumasi, sai ta nisa ta ce, "Ɗana, ai wannan labarun rediyo ne. Mu ba mu san hawa ba, ba mu san sauka ba, sai ganin maƙwabta muka yi suna ɗaure kaya."

Maganar nan ce ta sa na koma farko, na miƙa labarin ga yarinya 'yar shekara tara, tana faɗinsa da "ni". Abin ya yi mini ciwo, domin dole na zubar da babin da na fi wahala a kansa, wanda ya bayyana dokar dalla-dalla. Yarinyar ba ta san doka ba. Abin da ta sani shi ne an sayar da turmin uwar ƙawarta a kuɗin da bai kai na taɓarya ba, kuma allon ƙawar yana nan jingine a zauren makaranta, babu mai wanke shi. Na lura cewa duk inda na hana ta sanin dalili, nan tsoro ya fi kama mai karatu, domin shi ya san abin da ke tafe, ita kuwa tana jiran a dawo.

Wahala ta biyu ita ce harshe. Hausar Zango, wato wadda ake yi a unguwannin Hausawa na Ghana irin su Aboabo, ba ta cika bambanta namiji da mace ba, har a ce "ya zo" alhali mace ake nufi, kuma sau biyu ina gyara wannan kafin na gane cewa muryar mutanena nake gogewa. Yanzu bayani yana tafiya da daidaitacciyar Hausa, amma da zarar wani ya buɗe baki, yadda ake magana a Aboabo nake rubutawa. Da na sake karanta wa Gwaggo babin turmin, ba ta bari na kai ƙarshe ba, sai ta fara kiran sunayen waɗanda suka tafi.