Yadda Na Sauya Bututun Birkin Fijo 504 a Legas

Motar Fijo 504 ce, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, ta shekara fiye da talatin tana shan iskar teku da ambaliyar damina a Legas. Da muka ɗaga ta a garejinmu na Agege, sai na ga bututun ƙarfen da ke kai man birki baya ya yi kumburin tsatsa a ƙarƙashin kowane kilif, domin nan ne laka ke maƙalewa ta riƙe danshi. Bututun da ya kai wannan hali ba a yi masa faci, sai dai a cire duka.

Kaurin bututun milimita 4.75 ne, wanda ’yan kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo suka fi sani da inci 3/16. Naɗi ɗaya ya kan kai mita 7 da rabi, ya ishi mota guda, amma na sayi biyu saboda gwaji. Na zaɓi na gaurayen jan ƙarfe da nikel, don ba ya tsatsa kuma yana lanƙwasuwa ba tare da wahala ba. Wanda nake roƙon kowa ya guje masa shi ne zallan jan ƙarfe na masu gyaran firji. Girgizar hanya tana sa shi taurara a hankali har ya tsage, galibi dab da noti, kuma ba ya ba da sanarwa.

Inda aikin yake da gaske shi ne kan bututun, wato bakinsa da ake faɗaɗawa don ya toshe mai, da notinsa. Kai iri biyu ne. Motocin Turai na wancan zamani sun fi amfani da kai mai kumburi, kamar ƙaramar albasa, motocin Amurka da Japan kuwa da kai mai ninki biyu, wanda ya buɗe kamar bakin mazurari. Kowanne da irin mazauninsa a cikin ramin, idan ka musanya su za su ɗauru amma ba za su toshe ba. Notin da na tarar a motar mai kaurin milimita 10 ne, tazarar zarensa milimita 1. Akwai notin inci 3/8 mai zare 24 a kowane inci da ya yi kama da shi ƙwarai, yana shiga ramin yana juyawa, sai dai da ɗan lilo. Irin wannan ne ke tsinkewa ranar da aka taka birki da ƙarfi. Don haka da tsohon noti da guntun bututunsa na shiga kasuwa, ko da mai shago ya ce “Oga, duk ɗaya ne”, sai da na gwada sabon a cikin tsohon mahaɗi da hannuna.

Kafin kwancewa na fesa man sassauta tsatsa a kowane noti, na bar shi ya kwana. Sifanar da ta dace ita ce mai zobe da aka tsaga gefensa, ta kama noti ta fuska biyar. Sifana mai buɗaɗɗen baki tana cinye kusurwoyin nan take. Inda bututun ya haɗu da tiyon roba, sai a riƙe ɗaya ɓangaren da wata sifanar, in ba haka ba maƙalin ya murɗe. Notin da ya ƙi, na yanke bututun dab da shi na sa soket mai kusurwa shida. Na riƙa cire bututu ɗaya, in yi madadinsa, in ɗaura, sannan in taɓa na gaba, kuma ban miƙar da tsohon ba, shi ne ma’aunin lanƙwasa.

Yanka da abin yankan bututu mai ƙaramar ƙafa ake yi, ba da zarto ba, ana ƙara matsi kaɗan-kaɗan. Sai a kankare cikin bakin, a ɗan goge gefensa, a hure ɓarɓashin. Kai uku na farko da na yi da na’urar yin kai duk sun karkace, dalili kuwa bakin bai yanku daidai ba, kuma bututun ya zame a cikin matsewar na’urar. Da na ɗaure na’urar a bais, wato matsewar teburin aiki, na ɗiga man birki a kan abin matsawa, sai kan ya fito sumul. A sa noti tukuna kafin a yi kai, ɓangaren zarensa yana kallon bakin bututun. Na manta sau ɗaya, na yi asarar bututun da na gama lanƙwasawa.

Wajen shimfiɗawa na bi tsohuwar hanyarsa, nesa da salansa da duk abin da ke motsi, kilif kusan kowane santimita 30, da roba a inda ya ratsa ƙarfe. Kowane noti da yatsu na fara shi, sai ya yi zagaye huɗu ko biyar kafin sifana ta taɓa shi. Ɗaurin bai wuce kimanin niyuton-mita 15 ba, a ma’aunin ƙarfin ɗauri. Kar a naɗa farin tef na masu famfo, ba zare ne ke toshe mai ba, kan bututun ne. Idan wuri ya yi yoyo, sassautawa a sake ɗaurewa sau ɗaya ya kan zaunar da shi. In bai daina ba, a yanke a yi sabon kai.

Bilidin, wato fitar da iska daga bututun birki, ya ci kusan lita ɗaya ta man birki nau’in DOT 4 daga sabon galan, tun da man birki yana zuƙar danshi, a Legas kuwa danshi ba ya ƙarewa. Ba a haɗa shi da DOT 5, kuma yana cin fenti, sai a ajiye ruwa kusa. Na fara da ƙafar bayan dama, bayan hagu, gaban dama, gaban hagu, yaro yana taka feda ina buɗewa, kwalbar masta, inda ake zuba man birki, ba ta taɓa yin ƙasa da rabi ba. Baya ya ƙi ba da mai sosai sai da na tuna bawul ɗin da ke rage matsi gwargwadon nauyin kaya: idan ƙafafun baya suna reto a sama, yana takure hanya. Da nauyin motar ya koma kan ƙafafunta, iskar ta fito.

Daga nan na danne feda minti guda ban ji ta sauka ba, na bi kowane mahaɗi da farin ƙyalle ya fito a bushe. Gwajin farko a layin bayan gareji na yi shi, a giya ta ɗaya, hannuna a kan birkin hannu, washegari kuma na sake shiga ƙarƙashinta da ƙyallen.