Godiya ga waɗanda sunka tare mini iska a hanyar Argungu

Assalamu alaikum jama'a. Tun jiya nake son in rubuta wannan amma gajiya ba ta bar ni ba, sai yau da na ɗan dawo hayyacina. Alhamdulillahi mun taso da kekunanmu daga Birnin Kebbi mun sauka Argungu lafiya lau, kilomita 50 da ɗoriya, ba wanda ya faɗi, ba wanda anka kwasa zuwa asibiti, kuma wallahi akwai mutanen da in ban gode musu a bainar jama'a ba to na ci amana.

Da yawa suna tambayata mi ya kai ni. To watanni ke nan ina shirin tirayatalon, gasar nan da ake haɗa iyo da keke da gudu a jere ba hutu. Wadda ake yi a Olamfik tun wasannin Sidni na 2000 iyon mita 1,500 ne, keke kilomita 40, gudu kilomita 10, ni rabinta nake hari tukuna, wato mita 750 da kilomita 20 da kilomita 5. Iyo bai ba ni tsoro, a bakin gulbi munka tashi, duk wanda ya taɓa kallon kabanci, wasannin ruwa na bikin kamun kifin Argungu, ya san ruwa ba baƙonmu ba ne. Keken ne damuwata, don kullum ni kaɗai nake zagaya gari da asuba, ban taɓa tuƙi cikin ayari ba, shi ya sa da na ji an shirya wannan hawa na ce sai na shiga.

Na farko dai na gode ma waɗanda sunka shirya. An duba birkin kowa da hular kwanonshi kafin a tashi, ga mota a gaba ga wata a baya ɗauke da ruwan leda da dabino da ayaba, ga 'yan Road Safety suna tsayar mana da manyan motoci a mararraba. Allah Ya saka da alheri.

Amma babbar godiyata ga wani dattijo ne mai furfura, ban ma san sunanshi ba, kowa Baba yake ce mishi. Kun san Argungu arewa maso gabas take daga Birnin Kebbi, kuma daga can iskar hunturu ke kaɗowa, wato tun da munka fito a fuska take dukanmu, ga hazo ga ƙura tana shiga baki. Ni kuma da zafin kai na bi samarin gaba da babban giya, ko da munka wuce Ambursa wajen filin jirgi cinyoyina sun fara zafi kamar an zuba barkono, ina kallon ayari yana tafiya yana barina, ina taka feda da iya ƙarfina amma kamar ana ja na baya. Sai kawai na ga Baba ya rage gudu ya dawo inda nake, ya ce, "Yaro sauke giya, bar ƙafarka ta yi ta juyawa, ka liƙe ma tayata ta baya, kar ka taɓa birki da ƙarfi." Da na shige bayanshi sai na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Ina jin ana cewa wanda ya fake bayan wani yakan rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe, jiya na ji abin a jikina. Duk bayan ɗan lokaci sai ya ɗaga gorarshi ba tare da ya waiwayo ba, ma'ana in sha, wai kar in jira sai ƙishi ya kama ni. In ya hango rami ya nuna da yatsa ƙasa, in akwai akuya bakin hanya ya ɗaga hannu.

Ana haka sai tayar baya ta sace, ƙusa ce. Na ce mishi Baba ku tafi motar baya za ta ɗauke ni, ya ce ai ba a mota anka ce mu iso Argungu ba. Munka tura keken zuwa gindin wata darbejiya inda wani mai faci ke zaune, bawan Allah ya zare tib ɗin ya hura ya tsoma cikin daro mai ruwa yana juyawa a hankali har kumfa ta fito tsil-tsil, ya kankare wurin ya shafa sholisho ya jira ya sha iska kafin ya manna, sannan ya bi cikin tayar da yatsa ya ciro guntun ƙusar ya ɗora mini a tafin hannu. Na miƙa kuɗi ya ce Allah Ya kiyaye hanya kawai. Malam mai faci, in wannan ya iso gare ka, na gode, kuma ina nan dawowa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne a gasa irin ta Ironman, doguwar tirayatalon mai keke kilomita 180, haramun ne ka fake bayan wani, sai ka bar tazara tsakaninku ko a hukunta ka, kuma gasanni da yawa na irinmu masu sha'awa haka dokar take. Ranar da zan shiga tawa ba mai tare mini iska, amma yadda ake riƙe numfashi da juya ƙafa daidai ba fizga, a bayan Baba na koye shi jiya.

Da munka iso kowa ya zauna shan fura, ni kuma na jingine keke na canja takalmi na fita gudu, don haka horon yake, dole ƙafa ta saba da gudu nan take bayan keke. Matakan farko ji na yi kamar ƙafafun ba nawa ba ne, sun yi nauyi kamar turmi. Sai ga yara wajen su goma sun biyo ni ba takalmi suna "sannu Malam, saura kaɗan", ba su bar ni ba har na cika kilomita 3 na dawo. Allah Ya raya su.

Na gode ma Inna da ta tashi tun kafin kiran salla ta yi mini addu'a, da uwargida da ta jiƙa mini gishiri da suga cikin gora ta cusa dabino a aljihun riga.

Gorar Baba tana hannuna, ya ba ni ita da tawa ta ƙare kuma ya tafi kafin in gama gudu. Shuɗiya ce, an ɗaure murfinta da roba. Don Allah duk wanda ya san gidanshi cikin 'yan ayari ya yi mini magana, ni da kaina nake son in kai mishi.