Jirgin da ke kifewa a hanyar dawowa

A hutun Disambar ajinmu na uku a sashen injiniya, lokacin da sanyin Jos ke sa mutum ya yi shawara da zuciyarsa kafin ya taɓa ruwan alwala, na kifar da jirgin sama guda sau 17. A cikin kwamfuta ne dai, alhamdu lillahi. Wasan shi ne Kerbal Space Program, wanda kamfanin Squad na ƙasar Meziko ya fitar da cikakkensa a 2015. Ba a ba ka jirgi a haɗe. Tarkace ake zube maka, tanki da fuffuke da inji da taya, ka harhaɗa abinka, ka kai shi titin tashi, sannan lissafin iska da nauyi ya yi maka hukunci. Ba ya karɓar uzuri, ba ya kuma ba da makin tausayi.

Jirgin nawa kyakkyawa ne, ba yabon kai ba. Tankuna uku a jere bayan ɗakin matuƙi, kowanne da tan 2 na mai, sai injina biyu samfurin Wheesley a can gindi, kowanne tan 1.5. Yana tashi lafiya, ya miƙe samɓal, har in jingina da bango in kurɓi shayi. Sai bayan kamar rabin awa, na gama aikin da aka tura ni, na karkato zan koma gida, hancin ya ɗaga sama ba da izinina ba. In danna ƙasa, ya ƙi. Kafin ƙiftawar ido wutsiya ta wuce gaba, jirgi na juyi kamar faifai har teku. Matuƙin kuwa, wani koren ɗan taliki mai suna Jebediah, yana ta washe baki a kusurwar allo.

Da yake a wajen juyowa abin ke faruwa, sai na ɗora wa juyowar laifi. Na ce yatsuna ne ke da gaggawa. Da na juyo a hankali ya sake kifewa, na ce wutsiya ce ta yi ƙanƙanta, na ninka ta. Na ƙara inji na uku don a samu ƙarfi. Na faɗaɗa fuffuke, na ɗaura sanduna ko'ina wai kada jiki ya lanƙwashe. Abin da ya fi muni, duk a zama ɗaya nake yin waɗannan gyare-gyare, uku ko huɗu a tare, in gwada. In ya ɗan yi sauƙi ban san wanne ya taimaka ba, in ya ƙara lalacewa ban san wanne zan cire ba. Injin na ukun ma, daga baya na gane, fetur na zuba wa wuta, don da shi jirgin ko minti 20 ba ya kaiwa.

Ana haka Kawu ya sauka a gidanmu da ke Unguwar Rogo. Direban babbar mota ne, shekarunsa sun haura 30 yana ɗauko dankali daga Bokkos da Mangu yana gangarawa da shi ta Hawan Kibo. Ya idar da Isha'i ya tarar da ni a ɗakin zaure, na lulluɓa da bargo, fuska a murtuke.

"Injiniya, yau kuma wa ya mutu?"

"Kawu, sannu da hanya. Jirgina ne ke faɗuwa."

Ya ja kujera ya zauna, ya sa na nuna masa. In jirgi na cikin iska, wasan yana bari a gaggauta lokaci har ninki 4, don haka bai jima yana jira ba. Ya kalli tashin, ya kalli kifewar, bai ce uffan ba. Can ya ce, "Da lodi yake faɗuwa ko fanko?"

Na ce masa ai ba kaya a ciki.

"Man fa? Ba kaya ba ne?" Ya gyara hula. "Ɗana, motar da na taso da ita daga Bokkos, in na sauke rabin buhuna a Akwanga, ba ita ce ke shiga Abuja ba. Sunanta dai ɗaya. In ban sa yara sun sake jera sauran ba, sitiyarin zai gaya mini a kwanar farko."

Ya tashi ya tafi cin tuwonsa, ya bar ni da buɗaɗɗen baki.

A ɗakin haɗa jirgi na wasan akwai maɓallai uku a ƙasan allo da ke nuna alamomi uku: ƙwallo mai ruwan ɗorawa, wato cibiyar nauyi, shuɗiya, wato inda ɗagawar fukafukai ke taruwa, da ta uku mai nuna turin inji. Na san da su, na kuma san ƙa'idar da kowa ke maimaitawa, cewa shuɗiyar ta zauna kaɗan a bayan rawayar. Na duba tun ranar farko, na ga daidai, ban sake waiwaya ba. Da tankuna cike na duba. A daren nan sai na danna tankin farko na ja mansa zuwa sifiri, ina kallo rawayar ta ɗan ja da baya. Na zazzage na biyu, ta shige cikin shuɗiyar. Na uku, ta ɓulla ta bayanta. Duk man yana gaba, injina masu nauyi suna baya, su kuma ba sa ƙonewa. Juyowa ba ta da laifin komai, lokacinta ne kawai ya zo daidai da lokacin da mai ya yi ƙasa.

Abin da ya ba ni kunya shi ne na ci jarrabawar wannan darasi da maki mai kyau a aji biyu. Nauyi sau nisa, a tara na dama, a tara na hagu. Na iya shi a takarda kamar Fatiha, amma ban taɓa tunanin cewa a inji mai aiki lambobin suna tafiya ba. Kuma dalilin kifewar a bayyane yake in ka tsaya ka bi shi. Jirgi a sama yana juyawa ne a kan cibiyar nauyinsa, kamar ma'aunin mai gwari. In iska ta ɗan ɗaga hanci, fuffuke ya ƙara cin iska, ɗagawa ta ƙaru. Idan wannan ƙarin yana bayan cibiyar nauyi, gindi zai tura sama, hanci ya koma mazauninsa, jirgi ya gyara kansa ba ka taɓa komai ba. Idan kuwa yana gaba, hancin zai ƙara turawa sama, fuffuke ya ƙara cin iska, ya ƙara turawa, har iska ta saki fuffuken gaba ɗaya. Ƙwallon badminton ko ta yaya ka buga ta, kan nan mai nauyi ne ke wucewa gaba, gashin na biye. Jirgina da mai ya ƙare, gindinsa ne kan.

Sai kuma na yi garin gyaran gira. Na tura fukafukai can baya sosai don in huta, jirgi ya zama dutse, ya cinye titin nan kaf da gudu bai ɗaga hanci ba, ya faɗa ruwa. Rabin laifin na tayoyin baya ne da na kafa kusa da wutsiya. A ƙasa a kansu jirgi ke lilo, in sun yi nisa da cibiyar nauyi wutsiya ba ta da ƙarfin danna gindi. Na matso da su dab da bayan rawayar, na raba tankunan gaba da baya yadda ko sun cika ko sun ƙafe ƙwallon ba ta matsawa sosai, na cire injin na uku. Wannan karon ɗaya bayan ɗaya, ina rubuta kowanne a bayan tsohon littafin aji.

Akwai wani abu da ya daɗe yana rufa wa jirgin asiri, na'urar daidaita tafiya da ake kunnawa da harafin T. Tun kafin kifewar jirgin ya riga ya fara tangaɗi, ita ke ta tare shi ban sani ba, sai da abin ya fi ƙarfinta ta sake shi lokaci guda. Yanzu gwajin farko a kashe nake yinsa, in ɗan taɓa hanci in saki, in ga zai dawo ko zai wuce. Ba na cewa dogaro da kwamfuta haramun ne. Jirgin yaƙin F-16 na Amurka, da ya fara tashi a 1974, da gangan aka rage masa natsuwa don ya yi saurin juyawa, kwamfuta ke riƙe da shi. Amma su sun san abin da suka yi, ni kuwa ɓoye mini aka yi. Jirgin fasinja Concorde ma, a zamaninsa, famfo yake da shi yana tura mai zuwa tankin baya idan ya zarce saurin sauti, ya dawo da shi gaba idan zai sauka, maganar Kawu ce dai ta sake jera buhuna. Inda ba wasa kuma, a Afrilun 2013 wani jirgin kaya Boeing 747 ya tashi daga Bagram a Afganistan, motar soja mai nauyi da ke cikinsa ta tsinke ta gangara baya, hanci ya ɗaga ya ƙi sauka, mutum 7 da ke ciki suka rasu. Ranar da na ga hoton bidiyon na gane motsin nan, na rufe kwamfutar, ban yi wasa ba.

Da aka koma makaranta, injin casar masarar da muke haɗawa ni da abokan aikina ya riƙa girgiza kamar mai zazzaɓi. Ɗaya ya kawo shawarar a ƙara walda, a sauya bel, a sa roba a ƙafafu, duk a yini ɗaya. Na ce a dakata tukuna, a gaya mini da masara a ciki yake yi ko babu. Suka kalle ni, ba wanda ya lura.

Jirgin yanzu yana zuwa ya dawo. Saukarsa ce har yau ba ta yi kyau ba, yana dirowa ya yi tsalle biyu kamar ɗan akuya, ina zargin tayar gaba amma ban kai kanta ba. Na nuna wa Kawu a zuwansa na Ƙaramar Salla, ya kalli saukar ya girgiza kai.

"Injiniya, wannan direban naka, in yarona ne da tuni na karɓe makulli."