Yadda nake hasashen tseren Formula 1 tun kafin ranar Lahadi

A majalisarmu ta ataya a Nima, kowa yakan rubuta direbobi uku da yake ganin za su zo kan gaba, a ajiye takardar kafin a fara neman gurbi ranar Asabar, wato gasar gudun da ke tantance wurin da kowace mota za ta tashi a tseren Lahadi. Ba kuɗi ake sawa ba, cika baki ne kawai. Yawancin samari sunan wanda ya fi kowa gudu a gwajin Juma'a suke rubutawa, ni kuwa wannan jerin shi ne abu na ƙarshe da nake dubawa.

Tun ranar Alhamis da filin nake farawa. Monza ta Italiya miƙaƙƙun hanyoyi ne dogaye, ana rage fukafukan mota don iska kada ta riƙe ta, saboda haka motar da ke da ƙarfin inji ita ke cin kasuwa. Monako, Singafo da Hungari kuwa kwana ce kan kwana, ana son motar da ke manne wa ƙasa a ƙaramin gudu. A birnin Meziko tsayin wurin ya haura mita 2,200, iska ba ta da kauri, birki da inji suna saurin ɗaukar zafi. Sai in nemo filin da aka riga aka yi tsere a bana mai kama da na wannan makon, in duba wa ya yi kyau a can. Wannan ya fi duba tseren makon jiya amfani nesa ba kusa ba. A 2023 ƙungiyar Red Bull ta ci tsere 21 cikin 22, amma a Singafo, titin gari mai gargada inda dole aka ƙara tazarar da ke tsakanin cikin motar da ƙasa, direbobinta biyu ko cikin goman farko ba su shiga ba a neman gurbi, Carlos Sainz na Ferrari ya ci.

Ranar Juma'a gwaji biyu ake yi, awa ɗaya-ɗaya. Idan a Turai ne, na farko yakan faɗo daidai lokacin shirin masallaci a agogon Gana, kuma ba a yi asarar komai ba in ya wuce mutum, domin titin bai gama ɗaukar robar tayoyi da ke sa mota ta riƙe shi da kyau ba, wani lokacin ma sabon direba ake ba motar. Na biyu shi ne mai nama. Abin da ke ruɗin mutane shi ne mai: duk kilo 10 na man da ke cikin tanki yana ƙara wa mota kusan daƙiƙa 0.3 a zagaye ɗaya, kuma babu ƙungiyar da ke faɗin abin da ta zuba. Ƙaramar ƙungiya na iya sa mai kaɗan da taya mai jan zobe, wato mai laushi, ta hau saman jeri, alhali manyan sun cika tanki sun kuma rage wa injin ƙarfi.

Don haka rabin awa na ƙarshe nake bi, lokacin da ake cika mai a yi dogon gudu. Nakan buɗe manhajar F1 mai nuna lokacin kowane zagaye, in ɗauki zagaye takwas zuwa goma a jere na direba ɗaya kan taya iri ɗaya. Zagayen da wata mota ta tare shi ko aka ɗaga tuta mai ruwan ɗorawa ta gargaɗin rage gudu sai in cire, in raba sauran in sami matsakaici. Ba a kwatanta mai jan taya da mai farar taya, wato mai tauri, kowa da tsaransa. Bayan matsakaicin, sai in duba yadda lokacin ke lalacewa. Motar da ke ƙara daƙiƙa 0.1 a kowane zagaye, bayan zagaye 20 lokacinta na zagaye ɗaya ya ƙaru da daƙiƙa biyu, kuma gaskiyar lalacewar ta fi haka, tunda man yana ƙonewa motar na ƙara sauƙi tana ɓoye cinyewar tayar. Irin wannan motar dole ta tsaya canjin taya sau biyu inda wata za ta tsaya sau ɗaya, kowace tsayuwa kuma tana cin daƙiƙa 20 zuwa 25 a yawancin filaye. Anan ake cin tsere a wuri kamar Bahrain, mai kwalta kamar dutsen niƙa.

Direba kuwa da abokinsa na ƙungiya ɗaya kaɗai nake auna shi, don su ne ke tuƙa mota iri guda. Tazarar da ta kai daƙiƙa 0.3 a neman gurbi mako bayan mako ba sa'a ba ce.

Kafin in rubuta suna, ina duba takardun hukumar FIA mai kula da dokokin tseren. Wanda ya wuce adadin kayan injin da aka yarje masa a shekara, ana mayar da shi baya gurbi 10 a karon farko. Sai hasashen ruwan sama na awar tseren kanta, ba na yinin duka ba. Idan ruwa zai sauka, lissafin Juma'a ya tashi aiki, sai a koma ga hannun direba: a Sao Paulo a 2024 Max Verstappen daga gurbi na 17 ya tashi ya ci.

Nauyin da nake ba neman gurbi ya danganta da filin. A Monako a 2024 goman farko sun gama yadda suka tashi, ba wanda ya canza wuri, don haka can zagaye ɗaya kan jan taya shi ne komai. A Spa ta Beljiyam, inda wuce mota ke da sauƙi, dogon gudun Juma'a nake bi ko da direban zai tashi daga na shida.

Makon da ake gajeren tsere na Asabar gwaji ɗaya tak ake yi, dogon gudun ma ba ya samuwa sosai. A irin wannan makon gajeren tseren mai kilomita 100 shi nake ƙirgawa zagaye bayan zagaye a madadin gwaji na biyu.