Kaurin fatar karen gidanmu

Fatar wuya da ta hammatar karen da ke gadin gidanmu ta yi kauri ta yi baƙi, gashin wurin ya zube, maƙwabta kuwa kowa cewa yake ƙazuwa ce. Likitan dabbobi ya ƙi ba da magani da ka, kuma na ga dacewar hakan. Ya kankare fatar har ta ɗan tsatso jini, ya duba a madubin likita, amma bai ga ƙananan ƙwarin ƙazuwa da ke haƙa cikinta ba. Ya bayyana mini cewa yawan susa kaɗai na kaurara fata, ko saboda cizon ƙuma ko abincin da jiki bai karɓa ba. An ɗebi jini domin auna sinadarin tayirod, wanda wata gaɓa da ke wuya ke samarwa, tunda ƙarancinsa ma na iya ɓata fata. Idan bai nuna komai ba, za a yanki ɗan guntun fata a kai ɗakin gwaji.