Asabar a gidan gem: tatsuniyar da ba a yi mata ƙurunƙus ba

Asabar, Birnin Kebbi.

Ina dawowa daga masallaci da asuba na tarar da Auta a bakin ƙofa yana jirana, wai in cika alkawari. Sati uku ke nan da na ce masa idan ya gama jarrabawa zan kai shi gidan gem mu buga labarin Call of Duty: Modern Warfare III tun daga farko har ƙarshe. Ni har na manta, shi kuwa kamar ya rubuta a allo. Inna na tsakar gida tana dama kunu ta ce, "Ku dai ku tai, amma wanda azahar ta wuce shi wurin wasan banzan ga, ba ni ba shi." Muka sha kunu da ƙosai, na tura mashin waje, muka nufi Gesse.

Mai shagon abokina ne tun muna sakandare. Na'urar gem PS4 huɗu gare shi, sai PS5 guda ɗaya da yake lulluɓewa da tsohon rawani kamar jariri. Yaran da ke zuwa wurinsa duk ƙwallo suke bugawa, babu mai taɓa gem ɗin labari, shi ya sa kullum yake mitar dararen da ya kwana yana sauke wannan da datar dare, sama da giga ɗari, ba ta mayar masa da ko sisi ba. Wuta babu, kamar kullum. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba ya tayar da janareta saboda mutum biyu, don haka muka yi ciniki: ni zan sayi man, shi ya ba mu talabijin ɗin kusurwa. Na tambaye shi lita nawa za ta kai mu. Ya yi dariya ya ce, "Mutumina, kar ka wahal da aljihunka. Wanga ba shi da tsawo, kafin la'asar kun gama." A lokacin murna na yi. Duk wanda ya taɓa tsayawa layin gidan mai da jarka ya san gem mai awa arba'in ba namu ba ne.

Mun fara wajen tara da rabi. Mishan na farko ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Dare ne, ana ruwa, ka hau bangon wani kurkuku da igiya, kana bin mutanenka a hankali kana ɗauke masu gadi ɗaya bayan ɗaya, sai ka isa ɗakin ƙarshe ka gane ashe Makarov ka zo fitarwa, mugun labarin da kansa. Auta ya juyo ya ce, "Yaya, ashe mu ne miyagun?" Na ce ya ci gaba kawai.

Daga nan ne ruwa ya fara yi wa fura yawa. Mishan 14 ne a labarin, shida daga ciki irin waɗanda ake sauke ka a wani makeken fili ne a ce ka je ka nemo abu uku ko ka fasa abu uku, ta duk hanyar da ka ga dama. Akwatunan makamai a warwatse, ka buɗe wannan ka buɗe wancan, wata murya na yi maka magana a kunne, babu kowa a gefenka. Auta kuwa kamar an ba shi gado. Ya saba da irin wannan a Call of Duty na waya, ya san yadda ake tsintar sulke da yadda ake laɓewa a kan rufi. Ina kallonsa ya lanƙwashe a benci, harshe waje, babban yatsansa na zamewa a kan sandar hannun gem ɗin da robarta ta cinye har aka naɗe ta da salatif baƙi, duk bayan minti biyar sai ya goge tafinsa a wando. Ni kuwa sau biyu ina miƙa masa hannuna na fita waje shan iska, abin da ban taɓa yi wa Call of Duty ba.

Da aka kira azahar muka kashe jen muka yi salla a masallacin bakin titi, muka ci shinkafa da wake da mai da yaji a wurin wata mata da ke bayan shagon. Rana kamar ta sauko ƙasa. Muka koma.

Ƙarfe uku da 'yan mintuna muka shiga mishan na ƙarshe, a ramin jirgin ƙasan da ya bi ta ƙarƙashin teku tsakanin Ingila da Faransa. Kyaftin Price da abokin aikinsa Soap, jaruman labarin, na kan kwance bam, sai ga Makarov ya ɓullo, aka yi 'yar kokawa, ya harbi Soap a ka, ya tsere. Duka abin bai kai lokacin da mutum zai sha ruwan leda ɗaya ba. Aka nuna abokan Soap suna watsa tokarsa a bakin wani dutse, sannan Price ya je ofishin Janar Shepherd, wanda ya ci amanarsu, ya harbe shi, sai sunaye suka fara hawa. Auta ya riƙe hannun gem yana jiran mataki na gaba. Da ya ga babu, ya ce, "Yaya, shi ke nan?"

Ni abin da ya dawo mini daban ne. Muna aji biyar, a wani shago kusa da filin wasa na Haliru Abdu, mu wajen takwas a kan PS3 guda, muna karɓa-karɓa a tsohon Modern Warfare 3 na 2011. A can ma Soap ya mutu. Amma a birnin Firag ne, bayan bam ya jefo shi daga hasumiya, kai da Price kuke jan sa a tituna ana ruwan harsashi, jininsa na zuba, kana harbi kana waiwayensa, har ku kwantar da shi a kan wani tebur ya cika a gabanku. Price ya zaro bindigarsa ƙarama ya ɗora masa a ƙirji. Duk wanda ke shagon ya san bindigar nan: ita ce wadda Price ya turo wa Soap a kan gada a ƙarshen gem na 2007 ya harbe Zakhaev, mugun wancan labarin, da ita. Shekara huɗu da gem uku aka yi ana ɗaura wannan igiyar kafin a ja ta. Ranar shagon ya yi tsit, har wani da ya fi kowa baki ya ce wai ƙura ce ta shiga masa ido. Daga baya kuma da hannunka kake bin Makarov har saman wani otal a Dubai, ka naɗa masa igiya a wuya, ka zauna cikin fasassun gilasai ka kunna sigari.

Muna zaune a bencin waje muna jiran la'asar gardama ta tashi. Mai shago ya ce cuta ce tsagwaronta, a sayar wa mutum abu dala 70 ya gama shi tsakanin hantsi da la'asar. Wani ɗan Poli da ke jiran a kunna masa ƙwallo ya ce shi ba tsawon ne ya dame shi ba, taɓa labarin da aka yi ne, don me za a ɗauko mutanen da ka sani a sake musu ƙaddara.

Na fi jin zafin maganar mai shago, don shi ya biya kuɗin data, amma ban yarda da ita ba. Na tuna masa cewa Modern Warfare 2 na 2009 da Modern Warfare 3 na 2011 ma a yini guda muke gama su idan wuta ta zauna, kuma babu wanda ya taɓa cewa an cuce shi. Kilishi ai ba ya cika kwano, amma ba ka ce an rage maka. Waɗancan gajeru ne saboda an tace su, kowane mataki da abin da za ka fita kana ba da labari. Na yau gajere ne kuma duk da haka sai da aka tsinka shi da waɗannan filayen na tsintar akwati. Da an cire su abin da zai rage ba zai kai mu azahar ba. Shekara ɗaya tak ce tsakaninsa da wanda ya gabace shi, wancan 2022, wannan Nuwamban 2023, kuma ana jin gaggawar a jikinsa kamar tuwon da aka kwashe bai nuna ba.

Ɗan Poli kuwa na ce masa ya tuna kakarsa. Tamu, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa ba mu tatsuniyar Gizo iri ɗaya sau biyu ba. Yau Ƙoƙi ce ta tona masa asiri, gobe kura ce, kuma ba mu taɓa tashi mun ce ta ɓata labari ba. Sabon jerin nan da aka faro a 2019, inda aka sake ɗauko labarin daga tushe, ya canza abubuwan da ni kaina na ji daɗinsu. Gaz, ɗaya daga sojojin Price, da aka harbe a gada a 2007 yana nan da ransa. Ghost, wani sojan nasu, da Shepherd ya ci amanarsa ya sa aka zuba masa mai aka cinna wuta a 2009, shi ma yana nan. An kawo Farah, mace mai jan dakaru, wadda babu ita a da. Duk wannan ban ce uffan ba. Abin da kaka ba ta taɓa yi ba shi ne ta kai mu inda Gizo ya shiga tarko sannan ta ce mu je mu kwanta sai baɗi.

Mai shago ya kama ni a nan, kuma da gaskiyarsa. Ya ce, "To ai na 2009 ma Makarov bai mutu ba, mi ya sa ba ka yi kuka ba?" Na yi shiru na ɗan lokaci. Sai na tuna yadda wancan ya ƙare: kana kwance cikin yashi da wuƙa a ƙirjinka, Shepherd na dukan Price, kai kake danna maɓalli da ƙarfi har ka zare wuƙar daga jikinka ka jefa masa a ido. Yatsana ya yi ciwo ranar. A na yau Shepherd ɗin ya mutu hannuwana na kan cinya, Soap ma haka. Manyan abubuwa biyu na labarin duk kallonsu na yi kamar fim, abin da aka bar mini in yi da hannuna shi ne buɗe akwati.

Auta dai bai shiga gardamar ba. Shi bai san tsohon Soap ba, bai san bindigar gada ba, a wurinsa wani soja mai askin zakara ne ya mutu. A kan mashin muna komawa na tambaye shi ya ya gani. Ya ce ya yi daɗi sosai, musamman wurin madatsar ruwa, sai dai ya so a bar shi ya bi mutumin nan. Ban ƙara masa komai ba.

Bayan magariba ina jin sa yana ba Inna labari tana tsince shinkafa a faranti, yana kwaikwayon ƙarar bindiga da baki. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "To shi mugun, an kama shi?" Ya ce a'a, ya gudu. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "To mi kunka yi tun safe?"

Mai shago ya turo mini saƙo ɗazu cewa tsohuwar PS3 ɗinsa na nan a ƙarƙashin gado, kuma yana jin duka ukun na cikinta, in dai ɓera bai ci wayar ba. Man da na saya ya yi saura kusan lita ɗaya, na ce ya ajiye mana zuwa Asabar.